Fosdok ko Aiki: Yadda Mai Digiri na Uku a Kimiyya Zai Yanke Shawara Idan Ba Jami'a Ya Nufa Ba

Watannin baya wani tsohon ɗalibina da ya kammala digiri na uku a ilimin sinadarai ya same ni a gida bayan sallar La'asar, riƙe da takardu biyu. Ɗaya wasiƙa ce daga wani farfesa a ƙasar waje wanda ya amince zai karɓe shi na shekara biyu idan ya samo mai ɗaukar nauyinsa, ɗayar kuma gayyata ce zuwa ganawar ɗaukar ma'aikata a sashen tabbatar da inganci na wani kamfanin sarrafa abinci. Bayan mun gaisa ya shimfiɗa su a kan tabarma ya ce, "Malam, kowa cewa yake idan ban tafi fosdok ba digirina bai cika ba, ni kuwa ba koyarwa nake son yi ba." Na tambaye shi wane aiki yake fatan ya wayi gari yana yi nan da shekara goma, sai ya yi jim, domin duk waɗanda suka ba shi shawara babu wanda ya fara daga wannan tambayar.

Abin da ake kira fosdok aikin bincike ne na wucin gadi da mai digirin digirgir yake yi a ƙarƙashin wani babban masani, yawanci na shekara ɗaya zuwa uku, domin ya ƙara gogewa, ya wallafa maƙaloli, ya kuma koyi yadda ake neman kuɗin bincike da tafiyar da ɗakin gwaji. Ba a shiga aji, ba a rubuta jarrabawa, kuma ba a ba da wani sabon digiri a ƙarshe. Ribarsa ita ce maƙalolin da mutum ya fitar, da dabarun da hannunsa ya saba da su, da wasiƙar shaidar da maigidansa zai rubuta masa. An tsara shi ne domin wanda zai zama jagoran bincike mai zaman kansa, kuma ya zama tilas a jami'o'in Amurka da Turai saboda masu digiri na uku sun fi kujerun koyarwa na dindindin yawa nesa ba kusa ba, don haka sai mutum ya yi shekaru yana tara maƙaloli kafin layi ya zo kansa. A nan gida lamarin ya bambanta, domin sabon mai digiri na uku yana shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato a matakin Lakcara II ba tare da an nemi ya yi wannan horon ba. Idan har jami'armu, wadda ita ce gidan bincike, ba ta wajabta shi ba, to ya kamata wanda ya nufi masana'anta ko hukumar gwamnati ya tsaya ya bincika kafin ya ɗora wa kansa shi.

Ra'ayina, bayan ganin ɗalibai da yawa sun bi hanyoyin biyu, shi ne yawancin ayyukan kimiyya na wajen jami'a ba sa bukatar fosdok, kaɗan daga cikinsu suna bukatarsa ƙwarai, kuma akwai hanyar da mutum zai bi ya gane wanne ne nasa a cikin 'yan makonni.

Ka fara da kiran aikin da sunansa

Wanda ya ce yana neman aiki a wajen jami'a kamar matafiyi ne da ya je tashar mota ya ce shi dai ba Gusau za shi ba, kuma babu direban da zai san inda zai kai shi. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyuka biyu ko uku da sunayensu da wuraren da ake yin su. Ayyukan da mai kimiyya zai iya kamawa daga Sakkwato sun fi yadda ake zato yawa. Akwai ɗakin gwaji na masana'anta, irin na kamfanin siminti da ke Kalambaina, wanda aka kafa a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, yanzu kuma yake ƙarƙashin BUA, ko na manyan kamfanonin casar shinkafa da ke Argungu da Birnin Kebbi. Akwai hukumomin sa ido irin su NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsar ruwa ta Goronyo, da ma'aikatun lafiya da gona da muhalli na jiha. Akwai ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa irin su WHO da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki da asibitin masu cutar noma (ciwon da ke cin naman baki da fuska) na Sakkwato tun 2014. Akwai cibiyoyin bincike na gwamnati da na duniya, akwai aikin sarrafa alƙaluma da kwamfuta wanda wasu ke yi daga ɗakinsu ta intanet, akwai kuma kafa sana'ar kai, kamar ɗakin gwajin ruwa da ƙasa, ko harkar wutar hasken rana, ko rumbun adana albasa.

Waɗannan ayyuka kowanne da abin da yake nema a wurin mutum. Mu ɗauki ɗakin gwajin siminti. Aikin yau da kullum a can shi ne a ɗebi samfurin farar ƙasa da sauran kayan haɗi a auna yawan kalsiyam da silika da alumina da ƙarfe da ke cikinsu, a bi diddigin abin da ke fitowa daga tanderun da zafinsa yake kai maki 1,450 a ma'aunin Salshiyas, sannan a gwada ƙarfin simintin bayan kwana 2 da kwana 7 da kwana 28, a tabbatar ya cika mizanin da aka rubuta a jikin buhu. Abin da manaja yake nema shi ne wanda zai ba da sakamako iri ɗaya yau da gobe, wanda zai gane cewa na'ura ta fara karkata kafin a yi asarar dubban buhuna, wanda kuma zai iya gaya wa injiniya da ƙarfe biyun dare cewa a gyara haɗin. Shekara biyu a wani ɗakin bincike na Jamus kan wani sinadari da ba a amfani da shi a siminti ba za ta koya wa mutum wannan ba, amma shekara biyu a cikin masana'antar za ta koya masa, kuma ana biyansa yana hawa mataki.

Ka karanta tallace-tallacen aikin da kanka

Da zarar ka san sunan aikin, sai ka tara sanarwar neman ma'aikata na irinsa, aƙalla ashirin, daga shafukan hukumomin da kamfanonin kansu, da jaridu, da LinkedIn, har da tsofaffin da wa'adinsu ya wuce. Kada ka tsaya a matakin da za ka shiga yanzu kawai, ka haɗa da na muƙamin da kake fatan kaiwa bayan shekara goma. A kowace sanarwa ka ware abin da aka ce dole ne da abin da aka ce zai ƙara wa mai nema daraja, ka kuma lura da yadda aka bayyana gogewar da ake so. Idan an ce shekara uku a ɗakin gwajin masana'anta, ko shekara biyar ana tafiyar da shirin lafiya a karkara, to shekarun fosdok ba lalle su shiga lissafi ba. Idan kuwa an ce shekara uku ta bincike bayan digiri na uku tare da maƙaloli da shaidar cewa mutum ya taɓa samo kuɗin bincike da kansa, to fosdok ake nufi ko da ba a ambaci sunansa ba. Wannan aikin ba ya cin fiye da mako ɗaya, amma mutane ƙalilan ne suke yin sa, sai ka ga mutum ya yanke shawarar shekara uku ta rayuwarsa bisa abin da ya ji a hirar bakin masallaci.

Bayan takarda sai mutane, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ka nemi mutum uku ko huɗu da suke riƙe da irin muƙamin da kake so, kuma a gari irin Sakkwato da wuya ka rasa wanda zai haɗa ka da su, ko malaminka ko yayan abokinka ko wanda kuka yi bautar ƙasa tare. Ka bayyana tun farko cewa shawara ka zo nema, kada mutum ya ɗauka alfarmar aiki ka zo roƙo ya fara kaffa-kaffa da kai. Tambaye shi yadda ya shiga, da abin da waɗanda aka ɗauka a shekarun nan suka zo da shi, da ko akwai wanda ya yi fosdok a cikinsu, da matakin da aka ajiye shi idan akwai. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai fito da gaskiya, domin idan wanda ya dawo daga horon shekara uku an ajiye shi a mataki ɗaya da wanda ya zo kai tsaye daga kare kundinsa, to ka ga farashin da wurin ya sa wa horon.

Inda horon yake da amfani na haƙiƙa

Ba na son a fahimce ni a matsayin mai kushe fosdok, domin akwai ayyuka na wajen jami'a da ba a kai wa gare su sai ta hanyarsa. Na farko shi ne jagorancin bincike a manyan cibiyoyi, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan, da ICRISAT mai ofis a Kano wadda take aiki kan gero da dawa da gyaɗa, da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobi, da sashen binciken lafiya na MRC a Gambiya. Waɗannan ba jami'o'i ba ne a tsarinsu na yau da kullum, amma da ma'aunin jami'a suke auna masanansu, wato maƙaloli da kuɗin bincike, kuma su da kansu suna ɗaukar masu fosdok. Cibiyoyinmu na gida irin su cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Legas, da ta binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, mutum yana iya shigarsu da digirinsa, amma wanda ya yi horo a wurin da ake rubuta takardun neman tallafi na duniya yakan fi saurin samo wa kansa kuɗin aiki. Haka nan sashen gano sababbin magunguna a manyan kamfanonin ƙasashen waje yakan fifita wanda ya yi fosdok, har wasu kamar Genentech da Novartis suna da nasu shirin horon a cikin gida.

Dalili na biyu ya fi shafar mu. Da yawa daga cikinmu mun yi digiri na uku a yanayin da samfuri sai an aika da shi wani gari ko wata ƙasa, a biya kuɗi, a jira watanni, a dawo mana da sakamako a takarda, ba tare da hannunmu ya taɓa na'urar ba. Ko da yake abubuwa sun fara sauyawa da samuwar wurare irin su cibiyar binciken lafiya ta CAMRET a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har yanzu akwai mai digiri a ilimin ƙwayoyin halitta da bai taɓa karanta jerin ƙwayoyin gado na wata cuta da kansa daga farko har ƙarshe ba. Idan aikin da kake so yana bukatar wata dabara takamaimai, kuma ka bincika babu inda za ka koye ta a gida, to shekara ɗaya ko biyu a wurin da ake yin ta kullum jari ne mai kyau. Sai dai ka tabbatar ba za ka iya samun dabarar a horon wata uku ko shida ba, domin sau da yawa gajeren horo ya wadatar.

Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa a fili ba, wato son fita waje. A Amurka, alal misali, ya fi sauƙi jami'a ta shigo da baƙon masani fiye da kamfani, don haka fosdok ya zama gadar da mutane ke bi su shiga ƙasar kafin su nemi aikin kamfani. Wannan niyya ce da mutum yake da damar yi, amma ya kira ta da sunanta a zuciyarsa, ya kuma zaɓi wurin da zai je bisa wannan niyyar, maimakon ya gaya wa kansa da iyalinsa cewa ilimi ne bai ishe shi ba.

Ka yi lissafin abin da zai ci maka

A 2017 wasu masana tattalin arziki biyu, Shulamit Kahn da Donna Ginther, sun wallafa bincike a mujallar Nature Biotechnology inda suka bi sawun masu digiri na uku a kimiyyar halittu da lafiya a Amurka. Sun gano cewa fosdok yana taimaka wa mai neman kujerar bincike a jami'a, amma waɗanda suka yi shi sun daɗe suna karɓar albashi ƙasa da takwarorinsu da suka kama aiki kai tsaye, har giɓin ya kai kashi 17 zuwa 21 cikin ɗari na abin da za su samu a shekara 15 ta farko. Tun kafin nan, a 2014, majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta ba da shawarar kada horon ya wuce shekara biyar gaba ɗaya, saboda ganin yadda mutane ke tsufa a cikinsa suna tashi daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan.

Lissafinmu bai zo ɗaya da nasu ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ɗaga mafi ƙarancin abin da take biyan sabon mai fosdok zuwa dala 61,008 a shekara, kuma duk wanda ya juya wannan zuwa naira zai ga ya zarce albashin sabon ma'aikaci a nan da nisa. Amma a cire haraji da kuɗin haya da inshorar lafiya da tikitin jirgi, a kuma tuna cewa mai mata da 'ya'ya ko dai ya tafi da su kuɗin ya ƙare a can, ko ya bar su ya riƙe gida biyu. Babbar asarar ma a lokaci take. Da yawa daga cikinmu ba ma kammala digiri na uku sai mun haura shekara 35, wasu 40, saboda yajin aiki da ƙarancin kayan bincike da hidimar iyali. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, don haka wanda ya shiga yana da 43 maimakon 40 ya rage wa kansa shekara uku ta ƙarin girma da ta tara kuɗin fansho, wanda a dokar 2014 ma'aikaci yake zuba kashi 8 na albashinsa mai aikin kuma ya zuba kashi 10. Mahaifin ɗalibin nan nawa, dattijo ɗan kasuwa, da aka kai masa maganar tafiyar cewa ya yi, "To Dakta, karatun ga yaushe za shi ƙarewa?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ya cancanci a ba shi amsa da shekara da wata.

Ka kuma duba sharuɗɗan masu ɗaukar nauyi, domin wasunsu ba a yi su domin mai barin jami'a ba. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, kuma wanda ya karɓa yana rattaba hannu cewa zai dawo ya yi wa makarantarsa aiki. Shirin APTI, wanda Cibiyar Masana Kimiyya ta Afirka ta tsara tare da NIH da Gidauniyar Gates, an gina shi ne a kan mutum ya yi shekara biyu a Amurka ya dawo ya ci gaba da bincike a cibiyarsa ta gida. Wani abin kwantar da hankali shi ne damar ba ta kuɓucewa nan take. Tallafin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt ta Jamus yana karɓar mai neman fosdok har shekara huɗu bayan kammala digirinsa, na Marie Curie na Tarayyar Turai kuma har shekara takwas ta aikin bincike, kuma a wannan na biyun ba a lissafa shekarun da mutum ya yi a wajen bincike ko hutun haihuwa. Wannan yana da muhimmanci musamman ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda sau da yawa ake tsorata su cewa idan ba su tafi yanzu ba shi ke nan. Mutum yana iya kama aiki ya yi shekara biyu, idan ya ga lalle akwai abin da ya rage masa, sai ya nemi horon yana sane da ainihin abin da zai je ɗebowa.

Abin da ya fi fosdok amfani ga yawancin masu neman aiki

Abu na farko shi ne lasisi, kuma a nan ne na fi ganin masu digiri na uku suna yin tuntuɓe. Digiri na uku a ilimin ƙananan halittu ko sinadaran jiki ba ya ba mutum izinin gwada jinin marasa lafiya a matsayin masanin ɗakin gwajin asibiti, wannan izinin hukumar MLSCN ce take ba da shi ga waɗanda suka yi karatun da ta amince da shi. Wanda yake son sa hannunsa a takardar gwajin abinci ko ruwa ko magani ya zama karɓaɓɓe a hukumance sai ya zama ɗan cibiyar IPAN. Masana sinadarai suna da ICCON, masana ilimin ƙasa da ma'adinai suna da COMEG, likitocin dabbobi suna da tasu majalisar. Ka binciki wadda ta shafe ka tun kana rubuta kundi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne sanin ƙa'idojin inganci da masana'antu da hukumomi suke aiki da su, waɗanda ba a cika koyar da su a digiri ba, kamar mizanin ISO 17025 na ɗakunan gwaji, da ISO 15189 na ɗakunan gwajin asibiti, da ƙa'idojin sarrafa abinci da magani cikin tsabta da NAFDAC take bincika idan ta je duba masana'anta. Ɗalibin nan nawa ya je ganawar tasa ɗauke da kundinsa mai shafi fiye da ɗari biyu da maƙaloli huɗu, amma babu wanda ya buɗe su. Shugabar sashen ta ajiye masa wata takardar sakamako a gabansa ta ce, "Dakta, ga mota cike da hatsi a bakin ƙofa, gwaji ya nuna danshinsa ya wuce ƙa'ida, mai kaya yana rantsuwa cewa busasshe ne, direba yana son ya sauke ya koma. Me za ka yi, me kuma za ka rubuta?" Ya gaya mini cewa ya san kimiyyar sarai, ya san danshi ne yake kawo funfuna da gubar afalatoksin, amma bai san yadda ake ɗibar samfuri daga buhu ɗari shida ta yadda sakamakon zai wakilci motar duka ba, bai kuma san cewa sai an fara duba ranar da aka daidaita na'urar awon ba. Waɗannan abubuwa ana koyon su a horon 'yan makonni ko a wata uku na aikin sa kai a ɗakin gwajin da yake bin ƙa'ida, kuma da ya tafi fosdok ya dawo, da wannan tambayar za ta tarbe shi yadda ya bar ta.

Na uku shi ne alƙaluma da aikin fili. Wanda ya iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta da R ko Python, ya iya zana taswirar bayanai, ya kuma iya rubuta rahoton shafi biyu da kwamishina zai karanta ya gane, yana da kasuwa a hukumomi da ƙungiyoyi. Lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, waɗanda aka fi bukata su ne masu iya auna dalma a jini da ƙasa a cikin ƙauye, su tsara bayanan gida-gida, su kuma yi wa maigari da iyaye mata bayani da Hausar da za su amince da ita. Haka aka sake gani a annobar sanƙarau ta 2017 da ta shafi Zamfara da Sakkwato. Ga mai son irin wannan aiki, shirin horar da masana annoba na fili, NFELTP, wanda aka fara a 2008, ya fi kusa da bukatarsa fiye da kowane ɗakin bincike na Turai. Kada kuma ɗan Sakkwato ya raina Faransanci, domin daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taki kaɗan ne, kuma a Yamai akwai cibiyoyi irin su AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma da CERMES mai binciken lafiya.

Sannan ka sake rubuta takardar tarihin aikinka. Wadda ake kai wa jami'a tana jera maƙaloli da tarurruka shafi bayan shafi, wadda ake kai wa kamfani kuwa shafi biyu ce, tana faɗin na'urorin da ka sarrafa da hannunka, da yawan samfurin da ka gwada, da mutanen da ka jagoranta a fili, da kuɗin da ka riƙe ka yi bayaninsu. Shekaru huɗu ko biyar na digiri na uku gogewar aiki ce idan aka bayyana su da harshen da mai ɗaukar aiki yake ji.

Idan ka ga lalle sai ka tafi

Idan bincikenka ya nuna aikin da kake so yana bukatar horon, to ka zaɓi maigida kafin ka zaɓi ƙasa ko sunan jami'a. Ka duba inda waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka ƙare, ka rubuta wa biyu daga cikinsu ka tambaye su halinsa, musamman yadda yake ɗaukar wanda ya ce ba jami'a zai zauna ba, domin akwai malaman da suke janye hannu daga ɗalibi da zarar sun ji haka. Ka fifita ɗakin binciken da yake hulɗa da kamfanoni ko hukumomin lafiya ko manoma, inda za ka haɗu da waɗanda za su ɗauke ka aiki gobe. Kafin ka sayi tikiti a rubuta maka tsawon wa'adin, da abin da za a biya ka, da wanda zai ɗauki nauyin inshorar lafiya, da matsayin iyalinka, da dabarun da za a bari ka koya, ka kuma tabbatar kuɗin da za a biya ka da su sun riga sun shigo hannun maigidan, ba jiran amincewa ake yi ba. Idan kana da aiki a gida, ka nemi hutun karatu a rubuce ka karɓi amsarsa a rubuce, kada ka dogara da alkawarin baka na shugaban da za a iya sauya shi kafin ka dawo, kuma ka ci gaba da sabunta lasisinka na ƙwararru duk shekara.

Ka sa wa kanka wa'adin shekara biyu, uku idan ta kama, ka kuma faɗa wa iyalinka wannan wa'adin domin su riƙa tuna maka. Idan saura wata tara ka gama, ka koma kan sanarwar ayyukan nan ashirin da ka tara tun farko, ka duba waɗanne sharuɗɗa ka cika yanzu waɗanne suka rage, ka fara aika takardun neman aiki tun kana da albashi a hannu. Idan maigidanka ya yi maka tayin ƙarin shekara, ka tambaye shi wace sabuwar dabara za ka koya a cikinta wadda take cikin waɗancan sharuɗɗa, ka kuma nemi ya rubuta maka wasiƙar shaidarka a lokacin, ko ka amsa tayin ko ba ka amsa ba.